Tirela Mai Sabon Fenti

Shekara bakwai Auta ya yi ba ya gida, kuma tun daga bakin layi ya fara ganin abin da ya sauya. An sare bishiyar ƙofar gida. Shagon aski ya koma na cajin waya. Inna ta fara sa tabarau, akuyarta ta yi jikoki. Baba kuwa ya rankwafa kamar lauje.

Tirelar itacen ma babu. 'Yar ƙarama ce koriya mai ƙafa biyu, wadda Baba yake haɗawa da babur ya shiga daji. An sace ta a makon da Auta ya tafi. Tun daga nan dami uku-uku yake ɗaurewa a bayan sirdi, sawu shida a rana, har bayansa ya lanƙwashe. Tulun nan mai tsagaggen baki ne kawai bai motsa ba daga bayan ƙofar ɗakinsa. A da nan yake jefa ƙusar da ke haɗa tirela da babur kowace yamma, maɓoyar da ko maƙwabci bai sani ba.

Auta bai dawo da arziki ba. Abin da ke aljihunsa na tirela ɗaya ne, ita ma mai araha, amma ya rantse sai ya sauke itace daga bayan tsohon nan kafin damina.

Ranar da za su je sayen tirela, Auta ya fito da shirinsa. A duba taya, a duba walda, a taka katakon ƙasa a ji ko zai yi kuka. A guji mai sabon fenti, don fenti kwalliyar tsatsa ne. Sai dai Baba ya wuce gareji na farko da na biyu bai ko rage gudu ba, bai tsaya ba sai can ƙarshen gari, a rumfar wani mai walda da wuta ta cinye wa gira.

"Baba, me ya sa nan?"

"Nan ake araha."

Tirela uku ne a jere. Ta farko tayoyinta sun suɗe kamar tafin hannu. Ta biyu ƙatuwa ce, babur ɗin Baba zai mutu kafin ya ja ta. Ta ukun ƙarama ce shuɗiya, fentinta har yana wari, kuɗinta kuma rabin na sauran.

Mai Walda ya ɗaga gilashin fuskarsa ya daɗe yana kallon Auta.

"Wannan ne matafiyin namu? Har ya yi gemu."

"Ka san ni ne?"

"Ina fa. Mu idonmu ya ƙone, kowa kama yake yi mana."

Auta ya tsugunna a gefen shuɗiyar. Hannunsa ya zarce ƙarƙashin gefen hagu, ya tarar da wani tsohon tabon walda mai tudu. Ya kankare fentin da farce, kore ya leƙo. A bakin ƙarfen haɗi ga wata ƙusa mai lanƙwasasshen kai tana reto a jikin waya. Ya ɗebi ƙura ya shafe inda ya kankare, ya miƙe.

"Baba, mu bar wannan. Araha ba ta ado. Kayan sata ne."

"Ka tabbata?" Baba ya tambaya, idonsa a kan taya.

Mai Walda ya yi dariya. "Da rana tsaka na saye ta, samari. Wanda ya kawo ta ko ciniki bai tsaya yi ba, kamar ya bar tukunya a kan wuta. Hannu uku ta zaga kafin ta dawo mini."

Auta ya koma yabon ta farkon. Ya ce taya abu ne mai sauƙi, ya ce katakonta ya fi kauri, ya ce ta ukun ƙafarta ta hagu ƙara take yi. Sai a lokacin Baba ya tura shuɗiyar taku biyu. Ƙafar hagu ta yi ƙara. Tsohon ya saurara kamar mai jin muryar wani nasa, sannan ya ce, "Biya shi."

Baba da ke taya ko allura bai taya ba. Da za su tafi, Mai Walda ya tambaye shi ciwon baya, ya ce a gaida Inna. Auta ya lura. Ya kuma lura cewa ƙusar ta shige ramin babur ɗin ba tare da an buga ta ba, kuma babu wanda ya yi mamaki.

Kwana uku suna jigila. Dami goma sha biyar take ɗauka, sawu biyu an gama, Inna har da guɗa. Da yamma Baba ya zare ƙusa ya shiga ɗaki, Auta ya ji ta faɗa tulu, ƙwal. Ya jira tambaya a wajen cin abinci, ya jira a hanyar daji. Shirun ya riƙa cin sa kamar ƙuda a kunne.

Rana ta huɗu da hantsi ya jawo jakarsa daga ƙarƙashin gado. Yana cusa riga ta ƙarshe inuwar Baba ta rufe ƙofa.

"Tafiya kuma?"

"Aiki yana jira, Baba."

"To, Allah ya tsare. In guzuri bai kai ba, tirelar tana nan ƙofar gida. Wannan karon na bar ƙusar a jikinta, kada ka sake tsaga mini bakin tulu."