Kukan Birki

Akwai wata mai ɗinki a wani gari da ke bakin tafki, duwatsu sun kewaye shi, kwalta ta murɗa ta hau su ta sauko kamar an jefar da igiya. Ranar da ta fara ganin mutumin da ta aura, shagonta ya shigo yana tura wani siririn keke, da hular kwano a ka, da wani wando da ya ɗame shi kamar a jikinsa aka ɗinka. Ƙaya ce ta yage masa riga a kafaɗa. Ta ɗinke rigar, kanta a sunkuye, don kada ya ga dariyar da take dannewa. Ba a jima ba ya dawo da wata rigar, wadda ko makaho ya shafa ya san da hannu aka yaga ta. Haka rigunansa suka yi ta yagewa har aka ɗaura aure.

Shi ɗan tseren keke ne. Kullum da sassafe shi da abokansa sukan haye duwatsun nan su zagayo tafkin, lokacin da balbelu ke tashi daga gaɓa, masunta na jan koma. Ita kuwa ba ta iya faɗin so da baki ba, sai da hannu: ta wanke, ta goge, ta gyara abu tun kafin a ce ya lalace. To, birkin kekensa yana da wani kuka mai tsinin gaske, wanda take jiyowa daga tsakar gida duk sanda ya kamo gangarar ƙarshe. Ya taɓa cewa kukan nan na ba shi kunya a cikin abokai. A sana'arta kuwa, duk ƙarfen da ya yi kuka mai yake nema. Safiyar babban tseren shekara, yana masallaci, ta ɗauko 'yar kwalbar man keken ɗinkinta, ta ɗiga a robobin birki gaba da baya, ta shafe ƙarfen da suke kamawa har yana sheƙi. Ba ta gaya masa ba. So take ya ji shirun da kansa, ya san hannun wa ke ciki.

Daga ƙofar gidansu ake tashin tseren, kuma da hawa ake fara shi, mai hawan tudu kuwa ba ya neman birki. Da hantsi ta tsaya cikin jama'a a gindin gangarar, inda hanya ta yi wata muguwar kwana, bayanta ba komai sai duwatsu da ruwa. Shi ta fara hangowa, shi kaɗai a gaba, ya kwanta a kan keken kamar shaho. Mata suka rangaɗa guɗa. Ta kasa kunne, ba kuka, har ta fara murmushi. Sannan ta ga yatsunsa sun damƙe birki har sun yi fari, bakinsa a buɗe, keken kuma bai rage ko kaɗan ba. Ya wuce kwanar a miƙe, ya daki dutsen bakin hanya, mutum da keke suka tashi sama, suka faɗa tafki. Takalman 'yan tsere a maƙale suke da feda, don haka keken ya ja shi ƙasa. Guɗar ta mutu a bakin masu yinta. Ita kuwa tana kallon kumfar da ke tasowa, har masunta suka yi nutso suka ciro shi, ƙafarsa ta dama tana kallon inda ƙafa ba ta kallo.

Babban 'yan tseren ya jawo keken, ya shafa robar birki da yatsa, ya shinshina. "Innalillahi! Wane mara imani ne ya zuba wa birki mai?" Nan take aka ci kwalar wani ɗan tsere da suka daɗe suna hamayya da mijin, har an ɗaga hannu za a rufe shi da duka. Mijin yana kwance yana aman ruwa. Ya dubi matarsa, ya ga ta cusa hannuwanta a cikin mayafi, nan take ya gane.

"Ku sake shi," ya ce. "Ni na shafa. Kukan ne ya dame ni."

"Kai? Kai da ka yi gemu a kan keke? Amma wallahi ka ba maza kunya!" in ji babban nasu.

Ya rufe ido, ya haɗiye zagin.

A asibiti aka ce zai yi tafiya, da ɗingishi, amma shi da tsere sai dai kallo. Ta yi jinyarsa baki a kulle, shi ma bai taɓa ɗago zancen ba. Sai wata la'asar abokansa suka wuce ta bayan gida a kan kekunansu, ta ga ya bi ƙararsu da kunne har ta ɓace. Ta durƙusa a gefen gado.

"Maigida, na yi maka alkawari a gaban Allah: daga yau, ko alheri zan yi maka, sai na tambaye ka tukuna."

To, wanda ya ji wannan ya riƙe. Kyakkyawar niyya ba ta tsayar da keke a gangara. Kuka kawai ta so ta kawar masa, sai ta raba shi da ƙafarsa. Gaskiyar Hausawa da suka ce: garin neman gira, a rasa ido.