Ranar da Guga Ya Dawo da Yashi

Kai da kake ganin fitinar da ka tura gidan wani ba za ta san hanyar naka ba, zauna ka ji.

A wata ƙasa can bakin hamada an yi wani mai kiwon raƙuma, yana da rijiya mai ruwan daɗi wadda ya gada daga kakansa. A bayan tudu kuma akwai wani makiyayi da suka daɗe ba sa ga-maciji saboda wurin kiwo. Wata shekara sojoji suka zo da injinan haƙa, suna neman inda za su gwada bom ɗin nukiliya a ƙarƙashin ƙasa, suka ɗauki mai rijiyar nan ya yi musu jagora. Ya san wani fili fetal can nesa inda ko tsuntsu ba ya sauka, amma sai ya kai su kwarin abokin gabarsa, ya ce ba mai shi. Aka tashi mutumin da iyalinsa da dabbobinsa. Da matar jagoran ta nuna tsoronta, sai ya ce, "Wutar da za a binne can cikin ƙasa, ina ruwanta da mu?"

Ranar gwaji da hantsi, ƙasa ta zabura a ƙarƙashin ƙafarsa kamar an kaɗe buzu. Raƙuma suka durƙushe, tukwane suka kife. Bai ga wuta ba, bai ga hayaƙi ba, ya ɗauka an gama. Ashe bom ɗin ya rarake cikin ƙasa. Ba a jima ba kwarin ya rufta, ya zama wawakeken rami kamar an danna ƙwarya a cikin gari. Wata tsaga ta taso daga bakin ramin, ta keta tudun, ta bi ta tsakanin bukkokin jagoran. Ya ruga rijiya, ya tarar bakinta ya karkace. Ya zura guga har igiya ta ƙare, ya jawo, sai busasshen yashi. Ya tsaya da igiya a hannu. Da ƙishirwa ta fara kayar da raƙumansa, ya kwashe iyalinsa ya shiga neman ruwa. Rijiya ɗaya tak ya samu a yankin, sabuwa ce, mutumin da ya sa aka kora ne ya haƙa ta. Can ya je ya tsaya, kansa a sunkuye.

Shi ya sa magabata suka ce, in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.