Hatimin da Ya Makara

"Ranka ya daɗe, ba rumbun makamai ba ne yanzu!" in ji sojan sadarwa, yana nuna jan ɗigo a taswirar kwamfuta. "Mata ne a ciki, suna dafa wa 'yan gudun hijirar unguwar Dar Salam wake. Sau uku na turo rahoto!"

Hafsan ko ɗagowa bai yi ba. "Rahotonka babu hatimi. Abin da na'ura ba ta sani ba, babu shi. Isar da umarnin kai hari."

Ya ƙi. Aka fizge rediyon daga hannunsa, wani ya isar.

Da hantsi bam ya faɗa kan ginin, birnin Umdurman ya girgiza.

Sai bayan la'asar aka buga wa rahotonsa hatimi. Yana kallo jan ɗigon ya koma kore, da rubutu tsaf a ƙarƙashinsa: "Wurin rabon abinci. Kada a taɓa."