Sabis ɗin Mama

"Mama, maganar Kirsimeti..."

Hoton ya sake tsayawa cak. Mama ta daskare a fuskar wayar, baki a buɗe.

Karo na uku ke nan tun da Ishaku ya je kwas Istanbul. Hirar citta da ta 'yan coci takan tafi sumul, amma da zarar ya ɗauko zancen ba zai dawo Kafanchan bana ba, sai sabis ya ɗauke.

Ya gwada saurin intanet ɗin otal: megabit ɗari biyar, kamar walƙiya. Ya gwada a gidan shayi, har sabon layi ya saya. Ko'ina lafiya lau.

Ran Lahadi ya sake kira. "Mama, ki yi haƙuri, bana ba zan..."

Cak! Ko ƙifta ido babu.

Har zai kashe, sai ga kaza ta ratsa ta bayanta, tana tsince-tsince hankali kwance.

"Mama, kaza fa na tafiya a bayanki."

Mama ba ta motsa ba. Ta gefen baki ta ce, "Ita layinta daban ne. Ran nawa ga wata za ka iso?"