Gurbin Gwiwa a Bayan Kujera

Ka ce mini tun da aka ba ka shugabancin makarantar nan babu malamin da ya kawo maka kuka, har kana faɗa kana murmushi. To, gyara zama in ba ka wani misali, ka tafi da shi gida ka juya.

An yi wani ma'aikaci, dogo na gaske, irin waɗanda sai sun sunkuya suke shiga zaure. Shi ne ɗan fari a wajen mahaifiyarsa, ka kuwa san halin iyayenmu mata da ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, in ya zo gaishe ta ma kanta na kan tsintar shinkafa take amsawa. Amma duk gidan an san shi ne ranta. Da Allah ya hore masa sai ya sayi 'yar ƙaramar mota, ba don komai ba sai don ya raba tsohuwa da wahalar tasha, domin duk wata takan je ƙauye duba yayarta, tafiyar awa biyu a hanya mai gargada. Ranar farko ya buɗe mata ƙofar gaba. Ina! Ta zauna kafaɗa da kafaɗa da ɗan fari? Ta zagaya ta shige baya, ta kuma zaɓi daidai bayansa, inda ko ya waiwaya ba zai gan ta ba. Shi kuwa gogan naka ya tura kujerarsa baya iya ƙarshenta, ya miƙe zara-zaran ƙafafunsa, yana tuƙi yana yabon mota: ga sanyi, ga laushi, ga fili sai ka ce falo. Can ya ce, "Inna, lafiya dai ko?" Ta ce, "Lafiya lau."

An yi tafiya biyar ko shida a haka, sai tsohuwa ta fara zillewa. Wannan watan kanta ke ciwo, wata mai zuwa akwai suna a maƙwabta. Ana nan sai labari ya iske shi a ofis cewa an gan ta a tasha, ta hau bayan akori-kura, ta miƙe ƙafa a kan buhunan masara. Abin ya dake shi ƙwarai, har abinci ya daina yi masa daɗi. Wane laifi ya yi mata da ta gwammace rana da iska a kan motarsa? Ko kuwa zargi take ba da halal ya saye ta ba? Wannan tunanin shi ya fi cin ransa, don yana tsoron kada albarkarta ta kuɓuce masa bai san dalili ba. Ya tura ƙanwarta ta bugi cikinta, aka dawo masa da kalma biyu: "Ba komai."

Rannan ya ji wani ƙarfe yana sukarsa a baya in yana tuƙi, sai ya kai motar wajen wani dattijo mai gyaran kujerun mota. Dattijo ya leƙa ta baya, ya shafa bayan kujerar direba, ya tarar da wuri biyu sun lotsa, kamar inda aka girke ƙwarya a rairayi. Ya ce, "Alhaji, wa ke zama a nan?" Mai mota ya ce mahaifiyarsa ce. Dattijo ya ce, "To bismillah, shiga ka zauna." Mutumin ya yi ta kiciniya, ƙafa ɗaya ta shiga, ɗayar ta ƙi. Da ƙyar ya dunƙule a karkace, ya sa tafin hannunsa cikin gurbin nan biyu, sai ya gane na mene ne. Gwiwoyin tsohuwa ne, mai fama da sanyin ƙashi, awa biyu zuwa awa biyu dawowa, kowane rami aka faɗa da su take tare nauyin ɗanta. Kuma a wajenta, da ta buɗe baki ta kushe abin da ɗanta ya saya dominta, gara ƙafar ta karye. Ƙaton mutum ya zauna nan yana share hawaye da hula, dattijo ya kau da kai ya shiga neman almakashi.

Da wata ya zagayo bai je da dogon bayani ba, ya san kunya zai ba ta. Ya jawo kujerarsa gaba har gwiwoyinsa na gogar sitiyari, ya ajiye motar a ƙofar gida, ya wangale ƙofar baya, ya koma gefe yana goge gilashin da babu datti. Ta fito da ƙullin kayanta za ta tasha. Ta dubi wurin, ta daɗe a tsaye, sannan ta shiga ta miƙe ƙafa. Suka kama hanya, shi a takure kamar zakara a akurki, amma zuciyarsa fes. Sun yi nisa sai ya ji murya daga baya, a hankali: "A ɗan matsa baya kaɗan, kada ƙafa ta sage. Allah ya yi albarka." Ya ce, "Amin, Inna," ya matsa ɗan kaɗan don kada ya saɓa mata, ya bar mata sauran.

Saboda haka, ƙanena, gobe ka bar kujerarka ka je ka zauna inda malamanka suke zama. Ba banza ba Hausawa suka ce, shiru ma magana ce.