Ƙofar Ɗaki na Bakwai

"Wa zai taimaka mini? Ta sake cijewa."

Haka mai zagayawa da baƙi take cewa kullum in ta kawo ayari ɗaki na bakwai, a ƙarƙashin tsohon sansanin da ke kan dutse. Ƙarya ce tsagwaronta. Ƙofar lafiyarta ƙalau, sirri ne da ita: sai ka tokare ta da gwiwa, ka ja, sannan ka tura.

A ɗakin nan yayanta ya mutu, lokacin da aka mai da sansanin kurkuku. Waɗanda suka fito da rai sun ce gandiroba ɗaya ne ke riƙe da ɗakin, fuskarsa a rufe kullum. Shi take jira. Shekara tara ke nan, sau biyu ana ba ta ofis mai fanka a cikin gari tana ƙi.

Samari sukan cire riga su yi ta nishi, ƙofa ko gezau. Yau ma wani ƙato ya gwada har wandonsa ya yage, ayari ya kwashe da dariya.

Sai wani dattijo daga baya, mai kwanon abinci a hannu, wanda bai taɓa hawowa ba sai yau, ya ce, "Kai, matsa. Baiwar Allah ko karyawa ba ta yi ba."

Ya ajiye kwanon. Gwiwa, ja, turi. Ko kallon ƙofar bai yi ba, ta buɗe.

Aka tafa masa. Ita ma ta tafa, ta san ta ga wanda take jira. Wallahi da da wuƙa a hannunta, da a nan za ta gama.

Ta kai ayarin saman ganuwa, ta nuna musu rufin tsohon birni da kasuwarsa, ta sallame su. Sannan ta ce wa dattijon, "Zo ka duba mini, na yar da makullina a ciki."

Ya shiga yana lalube. Ta ja ƙofar, ta danna sakata. Kaurin bangon ya fi kamu uku, kuma gobe da jibi ba a buɗe sansanin.

A bakin ƙofar fita maigadi yana haɗa kwado. Ya leƙa bayanta.

"Uwar ɗakina, ina maigidan naki? Na ga yau ya daure ya hawo miki da abinci."

Ta gyara mayafi.

"Ya riga ni sauka. Rufe."