Man Kaɗanyar Inna

Rubuta yadda na faɗa, jikata, kada ki gyara.

Ina 'yar shekara takwas a Rikoto. Wata la'asar na ga Inna ta ɗauko damin dawa a kafaɗar hagu, ita da kullum a dama take ɗauka. Ta ja ni bayan rumbu, ta kwance zane, ta miƙo mini man kaɗanya. "Shafa mini nan." Na taɓa ƙullutu a nononta, mai tauri kamar ƙwallon goruba.

Ta ce, "Kada ki gaya wa babanki sai an gama girbi."

Ban gaya masa ba. Ba ta ga wani girbin ba.

Yanzu uwarki ke binciken ƙwayoyin ciwon daji a jami'a. An ce albarkacin aikinta ana gane ciwon da wuri, mata suna tsira. Na tambaye ta, da na yi magana, da Inna ta rayu? Ta ce, "Mama, a lokacin babu yadda za a yi."

Na ji. Amma har kakanki ya rasu bai san abin da ya sa man kaɗanya ke sa ni kuka ba.